Darasin Juma'a: Kumburi, da Abin da Ƙafa Ke Nuna Mana a Wurin Alwala

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

'Yan'uwa, mako uku ke nan muna karatun tsarki da alwala a wannan takarda tamu. Yau za mu ɗan ratse, amma ba nisa za mu yi ba, har yanzu muna nan bakin buta. Abin da ya jawo ratsen kuwa, takalma ne. Mu da ke zuwa da wuri ranar Juma'a don shimfiɗa tabarmi, idonmu ya saba da takalman jama'a a bakin ƙofa, har mukan gane wane ya iso tun ba mu ga fuskarsa ba. To, bara akwai wani dattijo a cikinmu, ba za mu kama suna ba, da muka lura an tsaga bakin takalminsa na roba da reza don ƙafa ta shiga. Bayan 'yan makonni ya koma silifas. Daga nan ya koma sahun baya yana salla a jingine da bango. Duk wanda ya ce masa "Baba, yaya ƙafar?" sai ya ce sanyin damina ne, wata rana kuma ya ce wani abu ya taka a gona. Mu ma sai mu ce Allah ya sawwaƙe, mu wuce. Daren da aka kwashe shi zuwa Kwantagora, a zaune aka riƙe shi cikin mota, domin da ya kwanta sai numfashi ya ƙi fita. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, hawan jini na shekaru ne ya ci ƙarfinta, kuma ruwan da muke gani a ƙafa ya riga ya hau huhu. Allah ya sa da sauran shan ruwa, ya tashi, yana nan tare da mu. Amma wata huɗu cur muna tsallake takalman nan, babu wanda ya iya karanta abin da suke faɗa.

Shi ya sa muka zauna da wani ma'aikacin lafiya da ke salla tare da mu, muka kuma koma wurin Liman kan abin da ya shafi ibada, muka haɗa wannan darasi.

Farkon abin da za mu riƙe shi ne, kumburi ba shi ne ciwon ba. Ɗan aike ne. Wani wuri ne can ciki ya samu matsala, ya aiko shi ya sanar. Wanda ya tsaya yana faɗa da kumburin, yana shafe-shafe da tsage-tsage, kamar wanda ya kama ɗan aike da duka ne ya bar wanda ya aiko shi. Likitocin Larabawa na da suna kiran wannan ciwo na taruwar ruwa a jiki istisƙa'i, kalmar nan dai da muka sani a sallar roƙon ruwa. Can ana neman ruwa ya sauka, nan kuma ruwa ne ya sauka ya rasa hanyar wucewa.

Yadda ruwa ke taruwa a jiki

Yawancinmu nan Nasko noma ne ya kawo mu, daga ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina, har da waɗanda suka ƙetaro daga Nijar, don haka misalin noman rani ba zai yi mana wuya ba. Jikin babban mutum kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne. Zuciya ita ce injin ban-ruwa, tana tura jini ta manyan jijiyoyi zuwa ƙanana, har zuwa waɗansu sirara da ido ba ya gani. Waɗannan siraran suna tsatsar da ruwa kaɗan-kaɗan cikin nama don ya sha ya rayu, kamar yadda ruwa ke ratsa fangali. Amma ruwan ba a nan zai zauna ba. Akwai wani sinadari na gina jiki a cikin jini, albumin ake ce masa, hanta ce ke yin sa daga abincin da muka ci, aikinsa ya riƙe ruwa cikin jijiya kada ya tsiyaye da yawa. Abin da ya tsiyaye kuma akwai waɗansu magudanai dabam da ke kwashe shi su mayar cikin jini, su ne masu bi ta wuraren da kaluluwa ke fitowa, a matsematsi da hammata da wuya. Sannan ga ƙoda, mai tsaron bakin kwalbati. Kowace rana tana tace ruwan da ya kai lita 180, wato jarka 9 mai cin lita 20, ta mayar da kusan duka cikin jini, ta fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, shi ne fitsari. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan.

To kun ga, hanyoyin lalacewar a bayyane suke. Inji ya yi rauni, ruwa ya taru a baya. Ƙoda ta kasa fitarwa, ko ta riƙa zubar da albumin cikin fitsari. Hanta ta lalace ta daina yin sa, ko kuma abincin da za ta yi shi da shi ne babu. Ko magudanan nan su toshe. Kowanne ya faru, ruwa zai bi gangare, kamar yadda yake yi a gona. Mai yawo da ƙafarsa, gangarensa idon sawu ne. Mai jinya da ke kwance kullum, gangarensa ƙugu ne da gadon baya, shi ya sa masu jinya kan ce ai ƙafar ta saɓe, alhali ruwan wuri ya sake. Wani abin lura kuma, kafin kumburi ya fito fili a ƙafa biyu, sau da yawa jiki ya riga ya tara lita biyu zuwa uku. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mutumin da ya ƙara kilo biyu cikin kwana uku ba nama ya yi ba.

Gwajin kuwa bai wuce babban yatsa ba. Sau biyar a rana muna riƙe da ƙafarmu muna wanke ta har idon sawu, babu al'ummar da ta fi mu damar duba ƙafa. A ɗora babban yatsa a bayan ƙafa, ko a kan ƙashin ƙwauri sama da idon sawu kaɗan, a danna da ɗan ƙarfi, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a ɗaga. In wurin ya taso nan take, madalla. In ya lotsa ya zauna kamar an danna tuwo, ruwa ne. Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ta fi kowace muhimmanci: ƙafa ɗaya ce ko duka biyun? In biyu ne, galibi maganar daga ciki take, zuciya ko ƙoda ko hanta ko abinci. In ɗaya ce, galibi matsalar tana jikin ƙafar.

Ba kowane kumburi ne abin tashin hankali ba, gaskiya. Wanda ya wuni a takure cikin mota daga nan zuwa Sakkwato, ko tela da ya wuni kan keke, ko alhaji a jirgi, ƙafa kan yi nauyi da yamma, ya kwana ya tashi ta saɓe. Wannan a miƙe ƙafa, a ɗan taka, a ɗora ta kan matashi. Wanda muke magana a kai shi ne mai kwana ya tashi da mutum, ko mai ƙaruwa, ko mai zuwa da rakiya.

Na zuciya rakiyarsa haki ne. Mutumin da ke zuwa gona da ƙafa ba ya jin komai, yanzu daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya hutu. In ya yi ruku'u ko sujada numfashi ya toshe. Da dare ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ko ya farka tsakar dare yana neman iska a bakin ƙofa, da tari. Wannan shi ne na dattijonmu, kuma tushensa a wurinmu yawanci hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba. Awo in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka same shi haka, to hawan jini ne, ko da mutum yana jin kansa garau.

Na ƙoda kuma yakan fara daga fuska. Mutum ya tashi da asuba idanu a kumbure kamar wanda ya kwana kuka, zuwa hantsi su saɓe, da yamma ƙafa ta karɓa. Fitsari ya riƙa kumfa wadda ba ta mutuwa da wuri, ko ya ragu, ko ya yi duhu kamar ruwan shayi. A yara yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje masu ruwa da mako biyu ko uku. A manya, ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba, sai kuma abin da muke yi wa kanmu da hannunmu. Nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. Manomi ya dawo daga huɗa jiki na ciwo, ya biya wurin mai kwalin magani a kasuwa, a haɗa masa ja da fari da rawaya a ƙulle a leda. Cikin haɗin nan da wuya a rasa diklofenak ko ibuprofen, kuma shan su kullum, musamman a jikin da ya sha rana bai sha ruwa ba, yana cin ƙoda. Ƙoda ba ta da haƙuri da guba. Manyanmu za su tuna shekarar 2008, lokacin da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya gurɓata da wani sinadari, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, kuma ta ƙoda ya kashe su. Wanda ƙodarsa ta tsaya sai wankin ƙoda a manyan asibitoci irin na koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sau biyu ko uku a mako. Kowa ya lissafa buhu nawa zai sayar.

Na hanta ciki yake cikawa. Mutum ya rame a wuya da hannu, ciki ya yi tulu, cibiya ta turo, wani lokaci ido ya yi shawara. Abin da ya fi kawo shi shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda kan zauna shekaru shiru, da yawa tun suna jarirai suka ɗauka. Akwai rigakafinsa, yana cikin allurar yara ta gwamnati tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ba sai an jira suna ba. Gyaɗa da masara masu funfuna, waɗanda mukan ware masu kyau mu kai kasuwa mu bar wa gida na banza, su ma suna da dafin da ke lalata hanta. 'Yan'uwanmu masu zuwa su ko wanka ta wajen Auna da bakin tafkin Kainji kuma su sani, tsargiya ba fitsarin jini kaɗai ba ce, akwai nau'inta da ke zama a hanji da hanta, ƙarshensa cikin nan mai ruwa.

Mai ciki da mai jego

Nan za mu daɗe, domin mu maza da ke karanta wannan takarda mu ne ke cewa a tafi asibiti ko a bari sai gobe. Ɗan kumburin ƙafa a watannin ƙarshe na ciki abu ne da aka saba, nauyin ciki ne ke danne jijiyoyi. Amma in ciki ya wuce wata biyar, sai ga fuska ta kumbura, hannu ya kumbura har zobe ko awarwaro ya matse, ga ciwon kai mai tsanani, ga ido na ganin dishi-dishi ko walƙiya, ga ciwo a ƙahon zuciya, to wannan ba alamar tagwaye ba ce, ba kuma cikin ɗa namiji ba ne kamar yadda tsofaffi kan faɗa don kwantar da hankali. Hawan jinin masu ciki ne, kuma abin da ke bayansa jijjiga ce. In ta faɗi tana taune harshe, ba iska ba ce, ba lokacin hayaƙi ba ne. A kwantar da ita ta gefe, kada a tura mata cokali ko ruwa a baki, a nemi mota. Asibiti akwai allurar da ke tsayar da jijjigar, magnesiyom salfet, sannan a san yadda za a raba ta da cikin lafiya. Yi mata addu'a a hanya, babu wanda ya hana. Amma duk wannan gudun tsakar dare, a zamanin da kowa ya san yadda hanyoyinmu suke bayan magariba, awon ciki ne ke kawar da shi. A auna jini, a duba fitsari, a gano abin tun yana ƙarami. Kuma jijjiga tana iya zuwa ko bayan an haihu, cikin kwanakin farko.

Akwai kuma wani ciwon zuciya na masu jego wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a duniyar likitoci. A shekarun 1970 waɗansu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa: kumburi, haki, tari, kasa kwanciya. Sun fitar da sakamakonsu a 1978, suka ɗora zargi a kan al'adun jego, wato wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da kunun kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen riƙe ruwa a jiki. Shekaru da yawa a kan haka aka tsaya. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka yi wani bincike a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda ya fito a 2020. Sun samu cewa a Kano kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96 tana gamuwa da ciwon, amma ba su ga wanka da kunun kanwa ne ke rarrabe mai ciwo da marar ciwo ba. Abin da suka gani shi ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jini lokacin ciki. Sun kuma lura da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin masu ciwon.

Mun kawo duka biyun ne don kada wani ya ɗauki takardar nan ya je yana yi wa surukarsa tsawa a kan tukunyar wanka. A namu ganin, abin da binciken baya ya nuna ya ma fi na farko nauyi a kanmu, domin ya dawo da maganar kan abin da maigida ke kawowa a ci. Amma kowanne aka bi, mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, ba a ƙara mata kanwa, ba a ce mata ai jego ne ta daure sai an yi arba'in. Da yawa in an kama ciwon da wuri zuciyar na farfaɗowa. Kuma wadda ta taɓa yin sa kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar, wannan magana ce ta rai.

Sai yara. Yanzu da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, shi ne lokacinsa. Yaron da aka yaye, ya koma kan koko da tuwo zalla, ya yi gudawa ko ƙyanda, sai a ga kumatu sun cika, ƙafa ta yi luhu-luhu, har a ce ya fara ƙiba. Duba da kyau: gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ba ya wasa, ba ya son abinci, kullum ƙananan kuka. Tamowa ce mai kumburi. Iyayenmu kan ce yaro ya sha ciki. Abin mamaki, wata likita mai suna Cicely Williams da ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta bayyana ciwon a 1933, kuma sunan da ta ɗauko daga bakin mutanen Ga, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon da yaro ke yi in an yi masa ƙane. Mu da su abu ɗaya muka gani. Sai dai nonon mai ciki ba shi da dafi, cire yaron daga nono ba tare da an maye masa gurbinsa ba shi ne dafin. A danna bayan ƙafafunsa biyu lokaci ɗaya. In duka sun lotsa, wannan yaro yana cikin mafi tsananin tamowa ko da sikeli ya nuna nauyi, kuma ranar za a kai shi asibiti. Kada a ce bari a ɗura masa ƙwai da nama a gida, jikinsa ba zai ɗauka ba, akwai madara da abincin gyaɗa na musamman da ake farawa da su a hankali. Rigakafin kuwa muna noma shi da hannunmu: wake, waken suya, gyaɗa, zogale, ɗan kifi. Muna loda su a mota zuwa Kwantagora, yaranmu na shan farin koko. Jaririn da bayan hannunsa da ƙafarsa suka kumbura yana tsala kuka in an taɓa, shi kuma a gwada shi sikila.

In ƙafa ɗaya ce

Ƙafa ɗaya in ta kumbura farat ɗaya, sha-raɓa ya yi tauri yana ciwo, musamman bayan doguwar tafiya ko haihuwa ko doguwar kwanciya, ana tsoron jini ne ya daskare a jijiya. Kada a murza, kada a kai wa mai ɗori ya ja, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. In kuma ta yi ja tana zafi da zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga ta wani rauni ko faso, mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗari. Saran maciji, musamman kububuwa, shi ma kumburi yake hawa da shi. Ba a tsagawa, ba a ɗaure tamau, allurar dafi ake nema.

Tundurmi kuwa daban yake. A hankali yake zuwa, shekara da shekaru, daga baya fata ta yi kauri, in an danna ba ta lotsawa. Ba sammu ba ne, ba gado ba ne. Sauro ne ke ɗauko waɗansu tsutsotsi ƙanana ya sa a jiki, su je su toshe magudanan nan da muka ambata, kuma su ne ke kawo gwaiwa mai ruwa ga maza da yawa. Ƙwayoyin da ake rabawa gida-gida shekara-shekara, Mectizan da albendazol, waɗanda ake auna tsayin mutum da sanda kafin a ba shi, su ne ke katse shi. Jihohin Filato da Nasarawa da haka suka kai ga sanar da kawar da yaɗuwarsa a 2017. Mu baƙi mu ne aka fi tsallakewa wurin rabon nan, ko muna gona ko mun tafi gida, don haka mu riƙa tambaya. Wanda ya riga ya kamu, kulawarsa ta yi kama da alwala: wanke ƙafar da sabulu kullum, tsane ta sosai har tsakanin yatsu, ɗaga ta in an zauna, sa takalmi. Gwaiwa kuma aiki ake yi mata a asibiti ta warke, kunya ce kawai ke sa mutum ya yi shekara goma yana ɓoye ta cikin babbar riga.

Kumburin leɓe da harshe da ya zo nan take bayan shan magani ko harbin zuma, yana toshe numfashi, wannan ba ya jiran ko sallar da aka tayar.

Yanzu abin da ba a yi. Ba a tsaga kumburi, ba a yi masa ƙaho. Ruwan ba a jaka ɗaya yake ba balle a huda ya zube, yana cikin nama ne kamar ruwa a soso, kuma fatar da ta kumbura ba ta warkewa da wuri, tsagar sai ta zama gyambo. Ba ma raina sana'ar wanzamai, amma nan ba wurinta ba ne. Ba a kuma sayen maganin fitsari, wanda aka fi sani da Lasix, a sha da ka. Zai saɓar da ƙafar, gaskiya ne, mutum ya ce ya warke, alhali ciwon na nan yana cinsa, ga shi maganin na kwashe gishirin jini. Yaron tamowa in aka ba shi, yana iya kashe shi. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba su ma haka. Wani zai ce ai maganin asibitin ma daga itace yake. Ƙwarai kuwa. Wani likita a Ingila, William Withering, a 1785 ya rubuta yadda ya samo maganin kumburin zuciya daga wani haɗin gargajiya na ganye, amma kusan shekara goma ya yi yana auna yawan da ke warkarwa da yawan da ke kisa, don tsakaninsu ba nisa. Awon nan shi ne babu a cikin galan ɗin da ake sayarwa ranar kasuwa. Sannan 'yan mata da matan aure masu shan ƙwayar ƙiba, sha-ka-fashe, su sani cikar fuskar nan ba lafiya ba ce, tana tafe da hawan jini da suga. Akwai ma maganin hawan jini na asibiti, amlodifin, da kan kumbura idon sawu. Wanda ya ga haka ya koma a sauya masa, kada ya daina sha don kansa.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya da yajin tsire da taliyar leda da kanwa. Mai kumburin zuciya ko ƙoda ko hanta, a raba masa tukunya. Daddawa da albasa da tafarnuwa sun isa su ba miya ɗanɗano.

Ta ɓangaren ibada, mun ji waɗansu na barin maganin fitsarin da likita ya rubuta musu, wai yana karya musu alwala, ranar Juma'a ma ba sa sha sam. Liman ya ce mu isar: wannan ba tsantseni ba ne. Neman magani umarni ne, sabunta alwala kuma ba asara ba ce. A sha da sassafe, kafin azahar ƙarfinsa ya ragu. Wanda tsayuwa ke sa shi haki ya yi salla a zaune, wanda sujada ke toshe masa numfashi ya yi nuni, duk yana nan cikin babin sallar marar lafiya a Ahalari da Risala da muke karantawa bayan magariba. Mai gyambo da aka naɗe wa ƙafa ya yi shafa a kan naɗin. Maganar azumi kuma, mai ciwon ƙoda ko zuciya ya ji ta bakin likitansa tun cikin Sha'aban, sannan ya zo wurin Liman a faɗa masa ko ramuwa ce a kansa ko ciyarwa.

Mun sani abin da ke hana da yawanmu zuwa asibiti ba jahilci ba ne, baƙunta ce da rashin kuɗi. Ɗan ci-rani yana kwana a shago ko a zauren wani, iyalinsa na can gida, in ya kwanta babu mai kai masa ruwa, sai ya ce bari in daure zuwa kaka in tafi gida. Saboda haka kwamitin masallaci ya yanke cewa daga Juma'a mai zuwa, bayan an sallame, ɗan'uwanmu ma'aikacin lafiya zai zauna a rumfar alwala da na'urar awon jini, kyauta. Wanda aka ga yana bukatar gwajin fitsari ko na jini za a rubuta masa takarda zuwa asibiti, in ta kama a wuce babban asibitin Kwantagora za a haɗa shi da ɗan rakiya, kuɗin mota daga asusun marasa lafiya. Mata kuma za a sanar da ranarsu ta bakin malamar Islamiyya. Masu son ƙara wani abu a asusun su ga ma'aji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan abubuwan da ke warware alwala, daga inda muka tsaya.

Wassalamu alaikum.
Sakataren masallaci